Ƙaramin Rubutu

Da kuɗin sallamata na saye ta.
Shekara talatin da ɗaya ina wanke kwalaben gwaji a Samaru,
suka dunƙule suka zama jar mota mai tari da asuba.

A ofishin inshora, saman bene a Sabon Gari,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
Rifkatu ta shimfiɗa takardu biyu a gabana.
Ta ce, "Baba Tanimu, wannan laima ce,
amma ba kanka za ta rufe ba,
kan wanda ka buge za ta rufe.
Wannan kuwa rumfa ce:
kai, da shi, da gobara, da ɓarawo."
Na tambayi kuɗin rumfa.
Ta faɗa.
Sai na ji kwanon ɗakin Ladidi da ke yoyo
ya amsa tun daga Gyallesu.
Na ce a ba ni laima.

Ta ce in karanta kafin in sa hannu.
Rubutu kamar jerin kiyashi,
tabarau kuma na gida.
Na sa hannu irin na ranar albashi.

Jatau maƙwabcina har da riƙe ciki:
"Akwai yaro mai buga ta a rabin kuɗi,
wa ke bin sawun hatimi a shingen hanya?"
Malam Dikko ya ce da ta takaful na nema,
zuciya ta fi kwanciya.
Na ce na ji, sai baɗi.

Ranar Laraba, ruwan Agusta,
ƙarƙashin gadar Kwangila,
na taka burki, burki ya ce ba yau ba.
Motar mai burodi ce a gabana.
Ƙofar bayanta ta wangale baki,
burodi ya fantsama cikin taɓo kamar agwagi.
Jama'a suka taru, kowa alƙali,
har mai rake ya yanke hukunci.

Hannu na rawa na kira Rifkatu.
"An ji ciwo? Babu? Mun gode Allah.
Kada ka yi alkawarin ko sisi a bakin titi.
Ɗauki hoto kafin a matsar da komai,
lamba, taya, inda gilashi ya zube.
Karɓi sunan mutum biyu da suka gani.
Samo rahoton 'yan sanda.
Gobe ka zo, magana in ta kwana biyu tsami take."

Na cika fom, na sake cika fom,
na rubuta gaskiya har da burkin.
Bakanike ya kawo ƙiyasi mai ƙiba.
Mai duba ɓarna ya zo daga Kaduna,
yana ƙwanƙwasa ƙarfe kamar mai sayen kankana.
Ya ce, "Wannan tsatsar ta girmi hatsarin,"
ya ja mata layi.

Mako bakwai.
Shekarau mai burodi ya yi sallama a ƙofata,
manyan burodi biyu a hannu, da ɗuminsu.
"Baba, an biya."
Muka zauna a dakali, ni da wanda na buge,
Ladidi ta kawo shayi.

Tawa fa?
Tana garejin Barau a Agoro,
bisa duwatsu, da ido ɗaya,
kaza ta mayar da kujerar direba akurki.

Bayan la'asar na ɗauko tabarau,
na bi kiyashin nan ɗaya bayan ɗaya.
Ba abin da aka ɓoye mini.
Abin da na shuka shi ya tsiro,
ko ƙwaya bai ƙara ba, bai rage ba.

Jatau ya kai tasa takardar a duba.
Aka ce lambarta ba ta da gida.
Yanzu in na wuce, sai ya gyara hula.

Wata mai zuwa laima za ta ƙare.
Ina cikin motar haya, mu huɗu a baya,
muna wuce Kwangila ina lissafi da yatsu:
rumfa, kwanon ɗaki, Barau,
yatsu sun isa, aljihu bai isa ba.

Jiya aka aiko cewa kaza ta ƙyanƙyashe shida.
Ladidi ta ce, "To, madalla.
Motar ta fara biyan kuɗinta."